Me ya sa ƙanwata ke fahimtar kowa ban da mu na gida?

Tambaya: Ƙanwata shekararta 24. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce tana da larurar hali da ake kira BPD (borderline personality disorder a Turance). Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a waje kowa yabonta yake yi. Ƙawayenta ita suke kawo wa matsalolinsu, takan gane damuwar mutum tun bai buɗe baki ba. Amma ni da mahaifiyarmu, in ta kira ban ɗauka ba sai ta ce na tsane ta, ta yi ta turo saƙonni masu zafi, wani lokaci har ta yanki hannunta. Da safe kuma ta zo tana kuka, tana cewa ba ta da kowa sai ni. Likitan ya yi mana maganar shaƙuwa da karanta zuciya, ban gane ba. Shin da gangan take yi? Kuma laifin tarbiyyar mahaifiyarmu ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kike yi mata. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne ainihin wannan larura. Mutane da yawa sukan ɗauke shi a matsayin shaidar makirci, su ce ai ga shi tana iya kame kanta in ta ga dama. Ni kuwa shi ne yake tabbatar min da cewa babu makirci a ciki. Baiwar da take gane damuwar ƙawayenta da ita gaskiya ce. Sai dai baiwar takan ɗauke daidai lokacin da wanda ke gabanta ya kasance mutumin da ba za ta iya jure rasa shi ba. Ke da mahaifiyarku ku ne waɗannan mutanen.

Larurar kanta a taƙaice. Littafin DSM, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke tantance cututtuka da shi, ya shigar da ita a 1980, kuma bugun 2013 ya lissafa alamomi 9 da sai mutum ya haɗa aƙalla 5 kafin a ce yana da ita. Akwai tsananin tsoron a guje shi, da dangantakar da mutum ɗaya ke zama abin ƙauna yau gobe ya zama maƙiyi, da rashin sanin ko shi wane ne, da aikata abu kafin tunani, da cutar da kai ko yunƙurin kashe kai, da yanayin zuciya mai juyawa cikin sa'o'i, da jin kamar ciki fanko ne, da fushi mai wuyar dannewa, sai kuma zargi ko jin kamar an fita daga jiki idan damuwa ta yi yawa. In aka yi lissafi, ta hanyoyi 256 mutum zai iya cika wannan sharaɗi, shi ya sa masu larurar biyu kan kasance ba su yi kama da juna ba. Tana samun kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin ɗari a cikin jama'a, amma a cikin waɗanda aka kwantar a asibitin ƙwaƙwalwa takan kai 1 cikin 5. Jerin alamomin yana taimakawa wajen sanya suna, amma ba ya faɗin abin da ya ɗaure su wuri guda. Maganar da likitanku ya yi muku ƙoƙari ne na amsa wannan.

Mu fara da shaƙuwa. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Birtaniya, shi ya kafa wannan fanni, musamman da littafinsa na 1969. Ya ce ana haihuwar jariri da wani tsari a jikinsa da ke tura shi wajen mai renonsa duk lokacin da ya tsorata, ko ya ji ciwo, ko ya gaji. In hankali a kwance yake, tsarin ma a kwance yake. Tsoro ne ke tashe shi. Kuma girma ba ya kashe shi, babba ma in ya shiga uku akwai wanda yake fara nema.

Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta fara da lura da iyaye mata da jariransu a gidajensu a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950. Daga baya a Baltimore ta Amurka ta tsara wani gwaji na kimanin minti 20. Akan shigar da uwa da ɗanta ɗan shekara ɗaya ɗakin da bai sani ba, ga kayan wasa a ƙasa. Baƙuwa ta shigo. Uwar ta fita na ɗan lokaci ta dawo, ta sake fita ta sake dawowa. Abin da masu binciken suka fi zuba wa ido shi ne lokacin dawowarta. Yawancin yara sukan rugo a ɗauke su, su lafe a jikinta, ba da jimawa ba su zame su koma wasa. Wasu sukan yi kamar ba su ga ta dawo ba, alhali in aka auna bugun zuciyarsu a tashe yake. Wasu sukan miƙa hannu a ɗauke su, ana ɗauka su fara banƙarewa suna ture ta, ana saukewa su ƙara ƙwalla ihu. Suna son ta, suna fushi da ita, kuma dawowarta ba ta kwantar musu da hankali ba. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka bayyana rukuni na huɗu. Shi ne yaron da zai nufi uwarsa sai ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ko ya tafi wajenta fuskarsa a juye, ko ya zube ƙasa. Dabara ta ƙare masa, domin wanda yake gudu wajensa neman tsira shi ne kuma yake tsoro.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi kama da abin da ake samu a manya masu BPD. A 2004 John Gunderson na asibitin ƙwaƙwalwa na McLean da ke Amurka da abokan aikinsa suka tattara bincike 13 a kan haka, kuma dukansu sun nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin larurar da shaƙuwa marar aminci. Siffar da ta fi fitowa ita ce ta mutumin da ke ƙishin kusanci matuƙa, yake kuma tsoronsa matuƙa. “Na tsane ki” na dare da “ba ni da kowa sai ke” na safe tushensu ɗaya ne.

Amma shaƙuwa kaɗai ba ta isa bayani ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na yara ba su da shaƙuwa mai aminci, kuma mafi yawansu sukan girma lafiya ƙalau. Dole akwai wani abu a tsakani. A nan ne aikin Peter Fonagy na jami'ar UCL da ke Landan da abokin aikinsa Anthony Bateman ya shigo, kuma a nan nake so ki fi tsayawa.

Karanta zuciya shi ne iya ganin cewa a bayan kowane aiki, naka ko na wani, akwai tunani, da ji, da buƙata, da tsoro. Maƙwabcinka ya wuce bai gaishe ka ba, sai ka ce ko bai gan ka ba ne, ko wani abu ne ya dame shi, ko kuwa fushi yake yi. Ka kawo dalilai uku, ka san ba ka da tabbacin ko ɗaya. Wannan sanin cewa hasashe kake yi rabin baiwar ne, kuma shi ne rabin da aka fi mantawa da shi. Akan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma haka ne, fuska tana ba da labari. Amma ba ta ba da shi duka, sauran sai an tambayi mai ita. Sa'annan baiwar tana kallon ciki kamar yadda take kallon waje: iya cewa “abin nan da nake ji a ƙirjina tsoro ne, kuma ya taso ne tun da na ga ba a amsa min ba” shi ma karanta zuciya ne.

Ba a haihuwar yaro da wannan a kammale. Sai wajen shekara 4 yara ke gane sarai cewa wani zai iya yarda da abin da ba haka yake ba. Kuma a cikin shaƙuwa ake koyonsa. György Gergely da John Watson sun bayyana yadda abin ke faruwa a 1996. Jariri na kuka, bai san abin da ke damunsa ba, jikinsa ne kawai ya rikice. Mai renonsa ta sunkuyo, ta ɗan yamutsa fuska irin ta mai jin zafi, ta ɗan ƙara mata gishiri, ta ce “ayya, sannu, ka tsorata ko?” da murya mai sanyi. Fuskar ta yi kama da abin da yake ji, amma ƙarin gishirin da sanyin muryar suna gaya masa cewa nasa ne take nuna masa, ita ba ta rikice ba. Da maimaita wannan sau dubbai yaro ke samun suna ga abin da ke cikinsa, ya kuma koyi cewa ana iya riƙe shi ba tare da duniya ta tashi ba. In kuwa kukansa kullum firgita mai renon yake yi ko ya fusata ta, sai ya koyi cewa abin da ke cikinsa haɗari ne mai kama wasu. In ba a kula shi, ko kullum aka ce masa ba abin da yake ji ke nan ba, sai ya girma da ji mai ƙarfi wanda ba shi da suna. A 1991 Fonagy da Howard da Miriam Steele sun tattauna da mata kusan 100 masu cikin fari a Landan game da ƙuruciyarsu. Daga yadda matan suka yi magana, an iya hasashen irin shaƙuwar da jariran za su nuna a shekara ɗaya, kuma hasashen ya yi daidai a kashi 75 cikin ɗari. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda mace ke iya tunani a kan abin da ya same ta, fiye da abin da ya same ta ɗin.

Kada wannan ya sa ki ɗauka cewa sai uwa marar kuskure. Edward Tronick, wanda ya daɗe yana ɗaukar bidiyon iyaye da jarirai, ya nuna cewa ko a dangantaka mai lafiya, kimanin kashi 30 cikin ɗari na lokaci ne kawai uwa da jariri ke tafiya daidai da juna. Sauran saɓani ne da gyara. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Gyaran ne ke koya wa yaro cewa saɓani ba rabuwa ba ne.

Yanzu ga inda abubuwan biyu suka haɗu. Idan tsarin shaƙuwa ya tashi da ƙarfi, karanta zuciya yakan yi ƙasa. Wannan a kan kowa yake faruwa. Mutum mai adalci a wurin aiki yakan zama mai yanke hukunci ba bincike a rigimarsa da matarsa. Takardar da ka manna a idonka ba ka iya karanta ta, duk iya karatunka. Bambancin mai BPD shi ne, abu ƙanƙani ke tayar da tsarin, yana tashi da sauri, yana kai ƙololuwa, kuma yana daɗewa bai sauka ba. Ƙawayenta suna can inda take iya karanta su. Ke kin yi kusa.

Ɗauki daren da ta kira ba ki ɗauka ba. A kira na farko wataƙila tana iya cewa ko kina wanka ne. Minti biyar suka wuce, ƙirjinta ya fara bugawa. Ta duba ta ga alamar kin buɗe waya ɗazu. Daga nan sauran dalilan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ya rage guda: kin gaji da ita. Kuma ba ta jin sa a matsayin zato, tana jin sa ne kamar abin da ta gani da idonta. Wannan shi ne yanayi na farko da Fonagy da Bateman suka bayyana, inda abin da ke cikin zuciya da abin da ke waje suka zama abu ɗaya. Na ji an tsane ni, saboda haka an tsane ni. Na ji ni banza ce, saboda haka ni banza ce. A wannan yanayin hujja ba ta shiga, shi ya sa bayaninki na cewa wayar tana caji a wani ɗaki ke ƙara rura wutar, domin a kunnenta ƙarya ce a kan abin da ta riga ta tabbatar.

Yanayi na biyu shi ne na sai na gani a ƙasa. Tunda zuciyar wani ta daina karantuwa, aiki ne kaɗai ke zama shaida. In kina so na, ki taso yanzu cikin dare. In kin damu da ni, ki fasa tafiyar. “Ina ƙaunarki” a baki ba ta da nauyi. Cutar da kai sau da yawa a nan take faruwa, kuma tana yin aiki biyu. Da farko tana sassauta wani zafi na ciki da ya kai inda ba a iya jurewa, kuma masu larurar da dama sukan ce a lokacin ba su ma jin zafin yankan sosai. Bayan haka tana mayar da ciwon da ba shi da suna ya zama abin da ido ke gani. Kiran wannan neman a kula da ita kuskure ne mai haɗari. Yawanci a ɓoye ma ake yi.

Na uku ya fi wuyar ganewa. Shi ne lokacin da take magana mai tsawo a kan halinta da kalmomi masu kyau, har da na likitoci, amma maganar ba ta taɓa ta ba, kamar labarin wata take bayarwa. Jin fanko da jin fita daga jiki a nan suke zaune. Mai sauraro yakan ɗauka an samu ci gaba, washegari ya tarar ba abin da ya sauya.

Bincike ya goyi bayan abin da kika lura da shi a kan ƙawayenta. A wani gwaji na 2009 da Eric Fertuck ya jagoranta, an nuna wa mutane hotunan idanu kawai aka ce su faɗi abin da mai idon ke ji, kuma masu BPD sun fi marasa larurar dacewa. A 2011 Carla Sharp a Houston ta nuna cewa matasa masu alamomin larurar sun fi yin kuskure ta hanyar wuce gona da iri, su gina dogon labari a kan niyyar mutum daga ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu gwaje-gwajen sun nuna sukan ga fushi ko rashin amana a fuskar da ba ta nuna komai, kuma a wasan jefa ƙwallo na kwamfuta sukan ji an ware su ko da an jefo musu daidai da kowa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Brooks King-Casas a 2008, da masu larurar 55. Wasa ne na amana mai zagaye 10. Abokin wasa ya turo kuɗi, a ninka su sau uku, kai kuma ka mayar masa da abin da ka ga dama. Idan abokin ya fara rage abin da yake turowa, marasa larurar sukan mayar masa da kaso mai tsoka don su lallaso shi amana ta dawo. Masu larurar ba su cika yin wannan lallashin ba, sai haɗin kan ya ruguje kafin wasan ya ƙare. Wato inda suka fi rauni shi ne gyara bayan saɓani.

To, da gangan take yi? A lokacin da abin ya tashi, a'a. Ba ta zaune tana shirya yadda za ta juya ki. Mai shirya makirci sai ya iya karanta zuciyar wanda zai yaudara, ita kuwa a wannan sa'ar abin da ya ɓace mata ke nan. Amma wannan bai ɗauke mata nauyin komai ba. Saƙonnin sun yi miki ciwo da gaske, kuma zuwa jinya da yin aiki da abin da aka koya mata a wuyanta yake, ba wanda zai yi mata.

Batun mahaifiyarku kuwa, ina roƙonki kada ku mayar da gida kotu. Wani babban bincike a Suwidin da ya duba bayanan mutane fiye da miliyan 1.8 ya kiyasta tasirin gadon jini a wannan larura da kashi 46 cikin ɗari. Wasu yara ana haihuwarsu da zuciya mai saurin kamawa da jinkirin hucewa. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a jami'ar Manchester da suka tattara nazarce-nazarce masu yawa sun samu cewa kusan 7 cikin 10 na masu larurar sun ba da labarin wata cutarwa ko sakaci a ƙuruciya. Adadin yana da yawa, amma ki lura kusan 3 cikin 10 ba su ba da irin wannan labarin ba, kuma inda aka yi cutarwar ba kullum daga uwa take ba. Marsha Linehan ta jami'ar Washington, wadda ita kanta ta bayyana a 2011 cewa ta sha fama da irin wannan ciwo tana budurwa, ta yi bayanin da ya fi gamsar da ni. Ta ce larurar tana tasowa ne daga haɗuwar yaro mai tsananin ji da muhallin da ke yawan ƙaryata abin da yake ji, kowanne yana ƙara tsananta ɗayan. “Wannan bai kai abin kuka ba” na iya wadatar da yaro ɗaya, ya kuma bar ɗan'uwansa da tunanin cewa abin da ke cikinsa ƙarya ne. Uwa ɗaya ta rene ku, amma ba yaro iri ɗaya ta rena ba. Abu guda dai: in wata rana ƙanwarki ta buɗe baki ta ce wani ya cutar da ita tana ƙarama, ki saurara, kada ki yi gaggawar kare kowa.

Jinya tana aiki, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau, domin an daɗe ana gaya wa iyalai akasin haka. Bateman da Fonagy sun gina jinyar tattaunawa da ake kira MBT a kan wannan fahimta. A gwajinsu na farko a asibitin St Ann's na Landan, wanda aka buga a 1999, marasa lafiya 38 ne, jinyar kuma wata 18. Da aka sake duba su shekara 8 bayan farawa, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda suka samu jinyar ne ke da larurar har lokacin, a rukunin da ya samu kulawar da aka saba bayarwa kuwa kashi 87. Mutanen kaɗan ne, don haka suka sake gwaji da mutum 134 a 2009, inda rukunin da ya samu kulawa mai tsari ta gama-gari shi ma ya samu sauƙi, amma na MBT ya fi saurin samu. A ɗakin jinyar ba a yi wa mutum wa'azi, ba a kuma fassara masa zuciyarsa. Likitan da ke ba da jinyar yakan ce, “Tsaya, mu koma baya. Kafin ki tura saƙon farko, me kika ji a jikinki? A wane lokaci ne zato ya zama tabbaci?” In ta ce masa shi ma ya gaji da ita tunda ya duba agogo, ba ya musantawa kai tsaye. Yakan ce lallai ya duba, ya tambayi yadda abin ya zo mata, sa'annan ya faɗi abin da ke ransa a lokacin. Kuma yakan kula kada tausayinsa ya yi zafi da yawa, saboda kusanci mai yawa shi ke kashe abin da ake ƙoƙarin farfaɗowa.

Jinyar DBT ta Linehan, wadda gwajinta na farko ya fito a 1991, ta fi mayar da hankali kan koyar da dabarun jure zafi da sarrafa ji, kuma ita ce aka fi yi wa bincike. A Toronto a 2009 an kwatanta ta da kulawa mai tsari daga ƙwararrun likitocin da suka san larurar, a kan mutum 180, sakamakon ya zo kusan ɗaya. A ganina darasin shi ne kada ku tsaya jiran jinya mai wani suna na musamman. Ku nemi wanda ya san larurar, mai ganin ta a kai a kai a rana tsayayya, mai tsari bayyananne, wanda ba ya firgita kuma ba ya kora. Magungunan sha ba su ne jinyar ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila tun 2009 ta ce kada a ba da magani don BPD kanta, sai don wata larurar da ke tare da ita, kamar ciwon damuwa. Yana da kyau kuma a tabbatar ba a rikita ta da larurar baifola ba (mai juya mutum tsakanin tsananin kuzari da tsananin baƙin ciki), wadda sauyinta kan ɗauki kwanaki ko makonni, ba sa'o'i ba. Mary Zanarini ta bi masu larurar 290 tsawon shekaru. A shekara 10, kashi 93 cikin ɗari sun samu aƙalla shekara 2 ba tare da cika sharaɗin larurar ba. Amma rabi ne kawai suka haɗa wannan da aiki ko karatu mai ɗorewa da dangantaka mai kyau. Saboda haka ku taimaka mata ta riƙe karatu ko sana'a, kada jinya ta zama dukan rayuwarta.

Ke kuma, akwai abin da ya kamata ki sani game da kanki. Daren da kika ga saƙo ashirin a jere, naki tsarin shaƙuwar ma ya tashi, naki karatun ma ya yi ƙasa. “Da gangan take yi” tabbaci ne irin nata na “kin tsane ni”. Mutum biyu da kowanne ya tabbatar da abin da ke zuciyar ɗayan ba su da abin tattaunawa. Dole ɗaya ya fara saukowa, kuma a yanzu ke kika fi iyawa. In abin ya yi zafi, ki gajarta magana. Ki fara da abin da take ji kafin naki bayanin: “Kin kira ban ɗauka ba, kin ji kamar na yar da ke. Wannan da ciwo.” Ba ki amince da zargin ba, kin dai nuna kin ga zafin. Bayanin caji ya jira sai ta huce. Bayan ta huce, ki buɗe mata taki zuciyar, domin ba ta ganin ta: “Da na ga saƙonnin tsoro ya kama ni, shi ya sa na kasa buɗewa.” Ki yi tambaya fiye da yadda kike yanke hukunci. Ki zama wadda ake iya hasashenta: lokacin waya tsayayye da kike cikawa ya fi alkawarin “kowane lokaci ki kira ni” da ba mai iya cikawa. In za ki shiga inda ba za a same ki ba, ki faɗa tun da wuri. Iyaka kuma ki sanya ta cikin sanyi, ki faɗi lokacin dawowarki: “Ba zan ci gaba ana zagina ba, zan kira ki bayan awa ɗaya.” Sa'annan ki kira. Akwai shiri na mako 12 mai suna Family Connections da Perry Hoffman da Alan Fruzzetti suka tsara don iyalai, kuma ko babu shi kusa da ku, ki nemi likitan ya ware zama na musamman da ke da mahaifiyarku.

Maganar mutuwa kuwa kada ku taɓa ɗaukar ta barazana kawai, ko sau nawa ta maimaita. Binciken da suka bi masu larurar shekaru masu yawa sun samu cewa tsakanin 1 cikin 20 zuwa 1 cikin 10 sun kashe kansu. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin haka, tambayar ba ta dasa tunanin. Ku kawar da tarin magunguna da duk abin da ta taɓa amfani da shi daga inda hannunta ke kaiwa. A ranar da take cikin natsuwa, ku zauna da ita da likitan ku rubuta tsari a takarda: alamomin da ke nuna abin ya fara tasowa, abin da za ta gwada da kanta, wanda za ta kira na farko da na biyu in ba a same ki ba, da asibitin da za a nufa. Ita ta riƙe kwafi, ke ki riƙe. In ta faɗi yadda za ta yi ko lokacin da za ta yi, ko ta sha wani abu, ko raunin ya yi zurfi, ba a tsayawa tattaunawa, sashen gaggawa za ku tafi nan take.